Ƙarshen Wasiƙar Mama Celina

Laraba, 3 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Mama Celina ba ta zo aiki ba yau ma. Shekarata huɗu a ɗan asibitin nan na Narayi, ban taɓa shigowa na ga kujerarta babu jaka a kai ba sai makon nan. Dakta Gideon, mai asibitin, ya ce an ba ta hutu har a gama bincike. Agogon bango yake kallo lokacin da ya ce "hutu".

Janet, mai jegon da muka tura, tana babban asibiti har yanzu. An ce ta fara numfashi da kanta. Jaririn yana wurin kakarsa a Rido.

Na goge teburina sau uku. Babu abin da ya zube a kai.

Alhamis, 4 ga Yuni, bayan la'asar

Bari in rubuta yadda abin ya tafi, ko kaina zai sauka.

Ni ce mai kwamfutar asibitin nan. In za a tura maras lafiya babban asibiti, nas takan tsaya ta faɗa, ni in buga a shafin Eksel. Suna a ɗan akwatinsa, shekaru a nasu, zafin jiki a nasa, can ƙasa kuma akwatin bayanin nas. Sai in danna maɓalli ɗaya. Makro ɗin da na haɗa bara, wato 'yan umarnin da kwamfuta ke bi da kanta, ya kwafi shafin gaba ɗaya ya kai fayil ɗin ajiya, ya buga kwafin a firinta, ya share na gabana don mai zuwa. Aikin minti goma ya koma na ƙiftawar ido. Ranar da na nuna wa Dakta, kaina ya kumbura har ina ganin ƙofar ofishinsa ta yi mini kaɗan.

Juma'ar da ta wuce Janet ta dawo da zazzaɓi, kwana shida da haihuwa. Mama ta tsaya a bayana, hannunta a kafaɗata kamar kullum, tana faɗa ina bugawa. Mota na jira, direba na ta hon. Takarda ta fito, ta sa hannu ba ta ko nemi tabaranta ba. A can aka yi wa Janet allurar penisilin, jikinta kuwa ba ya ɗaukarta. Mama ta sani, don ita ta karɓi haihuwarta ta fari. Ta rantse ta faɗa a takardar.

Babu shi a takardar.

Ranar Litinin Dakta ya kira mu ofis. Ya ce, "Hauwa, ta faɗa ko ba ta faɗa ba?" Na ce, "Dakta, abin da ta faɗa shi na buga." Ya juya takardar ya tura gabanta. Ba takardar ta kalla ba.

Juma'a, 5 ga Yuni, ƙarfe ɗaya

Abin da ta faɗa shi na buga. Wannan ai gaskiya ne.

Asabar, 6 ga Yuni, da hantsi

Ruwa ake yi tun asuba. Inna ta sa bokiti a inda kwanon ɗakinmu ke yoyo.

Mama ce ta samo mini aikin nan. Sun yi unguwa ɗaya da Inna a Makera kafin ta koma unguwar Television, da ta ji na gama koyon kwamfuta sai ta ja hannuna har gaban Dakta ta ce, "Ga 'yata, a ba ta kujera." Duk Laraba da gwatenta take zuwa a kular abinci, da cokali biyu.

Amma a faɗi gaskiya, matar nan ba ta iya takardar tura maras lafiya ba. Wasiƙa take yi. Sauran nas-nas layi biyu ne: zazzaɓi kwana kaza, an ba da kaza, shi ke nan. Ita kuwa da Turanci take faɗa, amma gaisuwarta ta gida ce. Sai ta gaida likitan da zai karɓa, wanda ba ta ma san ko wane ne ba. Ta tambayi aiki, ta tambayi iyali, ta gode wa Allah da ruwan bana. Ta ce wannan matar tawa ce, na san uwarta. Sai can a ƙarshe ta faɗi abin da ya kawo ta. Nakan ce, "Mama, kafin ki gama gaisuwa ai ciwon ya warke." Takan ja kunnena ta ce, "Ke yarinya, zan shiga ofis na mutum in fara da roƙo ne? Likitan da kika gaishe shi, da ido biyu zai duba miki mutum."

Abin da na kasa cirewa a kaina shi ne yatsuna. Sun tuna sun buga kalmar penisilin. Daidai lokacin direba ya yi hon na uku.

Litinin, 8 ga Yuni, ƙarfe huɗu da rabi

Na buɗe fayil ɗin ajiya.

Na sauran nas-nas lafiya lau suke. Na Mama ne ke da matsala. Wani ya tsaya a tsakiyar zance, wani a tsakiyar kalma, kamar an sa almakashi. Na sa kwamfuta ta ƙirga haruffan akwatin bayani. Ɗari biyu da hamsin da biyar. Na buɗe na gaba, ɗari biyu da hamsin da biyar. Takardu arba'in da ɗaya tun bara, duk haka. Ba wanda ya taɓa magana, ina jin likitocin can sun saba da surutun Mama, ba sa karantawa har ƙarshe.

Na Janet ya yanke daidai inda zance ya cika, a "zazzaɓi kwana biyu". Wanda duk ya gani zai ce nan ta tsaya.

Sai na tuna. Kafin makro, lokacin ina kwafar shafin da hannu, in na Mama ne wani ɗan saƙo yakan fito a tsakiyar allo, Turanci layi uku. Mutane a layi, jarirai na kuka, sai in danna oke ya ɓace. Ban taɓa karanta shi har ƙarshe ba. Da na haɗa makro ya daina fitowa, na ɗauka maganinsa na yi. Har da cika wa kaina baki.

Na kashe kwamfutar ba yadda ake kashewa ba.

Talata, 9 ga Yuni, ƙarfe shida saura

Na sauka a Television na biya shagon Malam Garba, wanda ya koya mini kwamfuta. Shi ne bara, da makro ɗin ya riƙa cijewa in shafuka sun yi yawa, ya nuna mini dabarar a riƙa adana fayil a rufe shi a sake buɗewa. Na tarar yana fama da firintar wani fasto.

Ban gama bayani ba ya fara dariya. "Tsohuwar Eksel ke nan. In kin kwafi shafi ɗungurungum, kowane akwati haruffa ɗari biyu da hamsin da biyar take ɗauka, saura ta zubar. In da hannu ne ma takan yi gargaɗi. Sai dai a zagaye ta. Ki bar makro ya kwafi shafin yadda ya saba, sannan ya koma na asali ya kwaso akwatunan su kansu ya liƙa a kan sabon. Layi biyu ne."

Ya rubuta mini a bayan wani tsohon katin biki. Yana miƙo mini ya ce, "Ince dai ba wani abu mai muhimmanci ta yanke ba?"

Na ce a'a, sunayen ɗalibai ne.

Laraba, 10 ga Yuni, ƙarfe takwas na safe

Na riga kowa zuwa, na gyara. Na gwada da doguwar magana, sau biyar, ta fito cif. Layi biyu, ko minti uku ban yi ba.

Dole ne a gyara. In an kawo wata yau fa? Wannan ba wanda zai ce laifi ne. Tsohon fayil ɗin na sa shi a filash, ɗan abin nan na ajiye fayil, na jefa can ƙasan jaka, ban san dalili ba.

Zan gaya wa Dakta in ya fito daga ɗakin haihuwa.

Laraba, ƙarfe biyar

Ya fito. Ya gaji sosai. Gobe.

Juma'a, 12 ga Yuni, bayan azahar

Mama ta kira sau biyu. Wayar tana cikin jaka.

Litinin, 15 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Yau aka zauna. Dakta da dattawa biyu na kwamitin asibitin. Mama ta zo da farin kayanta na aiki, an sha guga, kamar mai kama aiki da an tashi.

Ta ce shekararta talatin da ɗaya tana wannan aiki, ba ta taɓa tura mace ba ta faɗi abin da jikinta ya ƙi ba. Ta ce, "Ni ban san kwamfuta ba, amma ko ita ce ta haɗiye?" Ɗaya dattijon ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi. Dakta ya ce a yi adalci, a je a gwada a gaban kowa.

Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki. Na san nan ne. Na ji ƙafafuna suna tafiya zuwa teburina.

Ta tsaya a bayana. Ta ɗora hannu a kafaɗata. Ta ce a hankali, "'Yata, ki buga duka, kin ji?" Ta faɗi wasiƙar Janet tun daga gaisuwa, ba ta tsallake ko ruwan bana ba, har zuwa "kada a yi mata penisilin". Na danna maɓalli. Firinta ta ja takarda.

Komai ya fito, har kalmar ƙarshe.

Ta ciro tabarau ta karanta, ta sake karantawa tana bi da yatsa. Dakta ya ce a ƙara gwadawa. Aka ƙara. Haka ta sake fitowa cif.

Ta naɗe tabaran ta ce, "To. Ke nan ni ce."

Ba ta yi gardama ba, ba ta yi kuka ba. Ta gaida dattawan ɗaya bayan ɗaya, ta ce mini in gaida Inna, ta fita. Ni na gyara abin, shi ya ba da shaida a kanta.

Talata, 16 ga Yuni, da safe

Inna ta ce ko zazzaɓi nake. Na ce e.

Alhamis, 18 ga Yuni, ƙarfe uku

An kawo wata nas ta riƙe wurin. Takardunta layi biyu ne, aiki na tafiya da sauri. Yau ma ruwa.

Na zauna ina yi wa kaina lauya. Ai ita ta sa hannu ba ta karanta ba. Ai likitocin can ya kamata su tambayi Janet kafin allura. Ai ba ni na ƙera Eksel ba. Ai ta kusa ritaya dama. Kowace magana da gaskiyarta, amma ko ɗaya ba ta sa na iya cin abincin rana ba.

Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ba na kora kaɗai ba. Baba yakan ce wa abokansa a masallaci "'yata mai kwamfuta", kamar wata sarauta. Da a ranar takwas ga wata na faɗa, kuskure ne. Yanzu kuma wani suna gare shi.

Litinin, 22 ga Yuni, ƙarfe biyu

Ezekiel, mijin Janet, ya zo karɓar katin rigakafin jariri. An sallame ta, tana gida, sai dai tana saurin gajiya. Na yi hamdala a fili, wannan kam har zuciyata.

Yana jiran in nemo katin ya ce, "Jiya Mama ta zo Rido fa. Cikin ruwan nan. Ta durƙusa a tsakar gida gaban matata, maƙwabta duk suna kallo. Na ce haba Mama, abeg ki tashi, ta ƙi. Ta ce sai Janet ta ce ta yafe." Ya girgiza kai. "Na yi fushi da ita sosai, amma ban so na gan ta haka ba. Tsufa ne kawai."

Bayan ya tafi Dakta ya ajiye wata takarda a teburina ya ce in sa a fayil. Rubutun hannunta ne. Takardar barin aiki.

Ta gaida Dakta da iyalinsa. Ta gaida nas-nas da sunayensu, da mai gadi, da mai shara. Ta ce a kula da 'yarta Hauwa, yarinya ce mai ƙwazo. Sai can ƙasa, layi na ƙarshe: ta daina yarda da kanta, abin da take ji ta faɗa ashe ba ta faɗa ba, gara ta zauna a gida kafin ta kashe 'yar wani.

Wannan na karanta har ƙarshe.

Talata, 23 ga Yuni, ƙarfe bakwai na safe

Filash ɗin yana nan. Ya shige cikin yagewar jaka, sai da na zazzage komai.

Laraba, 24 ga Yuni, bayan la'asar

Na faɗa.

Ban iya da baki ba, sai na ce Dakta ya zo ya ga wani abu. Na buɗe tsohon fayil, na buga wasiƙar Janet, don na haddace ta. Na danna. Ta fito ta tsaya a "zazzaɓi kwana biyu". Na nuna masa arba'in da ɗayan. Na nuna masa katin bikin Malam Garba da layi biyun.

Na so ya yi ihu. Bai yi ba. Ya zauna a bencin marasa lafiya ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

Na ce takwas ga wata.

"Ranar da muka zauna, kin sani ke nan."

Na ce e.

Ya miƙe. Daga baya ya ce a fito da takardun nan duka, a nemi kowace mace a tabbatar babu wadda aka cuta. In an gama in tafi gida mako biyu, zai yi tunani a kaina. Ya rubuta wa Mama takarda da hannunsa, ya rubuta wata zuwa Rido. Ta Mama ya ce ni zan kai.

Alhamis, 25 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Na same ta a baranda tana tsince acca a faranti. Ta rame. Tana ganina ta ce, "A'a, 'yata! Wayarki ta lalace ne?" Ta jawo mini kujera, ta tambayi Inna, ta tambayi Baba, ta tambayi yoyon ɗakinmu. Ina ta amsa lafiya, takardar na jiƙewa da gumi a hannuna.

Na durƙusa na faɗa mata. Na yi ta bayanin haruffa da akwati da makro, kamar in na yawaita bayani laifin zai ragu. Ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Na faɗa ke nan?"

"Kin faɗa, Mama."

"Da bakina?"

"Da bakinki. Ni na buga."

Ta ajiye farantin. Ta rufe ido, leɓenta na motsi, ina jin godiya take yi wa Allah. Hawaye ya zubo mata ta share da bakin zane. Ta ce kwana goma ke nan in ta sa gishiri a miya sai ta koma ta ɗanɗana sau uku. Ko maganin jikarta ta daina bayarwa, maƙwabciya take kira.

Sannan ta dube ni. "Kwamfuta ba ta san ni ba, ban riƙe ta da komai ba. Ni ma na sa hannu ban karanta ba, wannan nawa ne. Amma ranar farko da Dakta ya tambaya, ke na kalla. Ranar gwaji kuma hannuna yana kafaɗarki."

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Na yafe. An umarce mu." Ta raka ni har bakin titi kamar yadda ta saba, ta tsayar mini da bas. Ba ta ce in gaida Inna ba.

Talata, 30 ga Yuni, ƙarfe huɗu

An samu dukkansu arba'in da ɗaya, babu wadda wani abu ya sama. Daga gobe ina gida.

Lahadi, 5 ga Yuli, da hantsi

Na gaya wa Baba. Ya ce Allah ya kyauta, ya ɗauki rediyonsa ya fita.

Laraba, 15 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Na koma aiki. Dakta ya ce daga yau kowace takarda sai nas ta karanta da ƙarfi kafin ta sa hannu, abin da jiki ya ƙi kuma a yi masa akwatinsa daban a can sama. Na yi shi kafin azahar.

Mama ta dawo tun makon jiya. Jakarta na kan kujera. Na gaishe ta ta amsa da kyau, "Lafiya lau, Malama Hauwa, ya hutu?" Da rana na ga kular gwate a kan teburinta, da cokali ɗaya.

Wajen ƙarfe uku aka kawo wata mai hawan jini, za a tura ta. Na gyara zama, na ɗan matso da kujera gaba yadda za ta sami wurin tsayawa a bayana. Makro ɗin yanzu zai kwashe komai, ko shafi goma ta faɗa.

Ba ta zagayo ba. Daga gaban tebur ta ajiye mini 'yar takarda da ta riga ta rubuta, ta tsaya hannuwanta a aljihu. Sunan ciwo, abin da aka bayar, abin da za a kiyaye. Babu likita barka da aiki, babu iyali, babu ruwan bana, babu wannan matar tawa ce.

Na buga, na danna. Ta sa tabarau ta karanta da ƙarfi, ta sa hannu, ta ce na gode.

Bayan ta fita na ƙirga, ban san me ya sa ba. Haruffa sittin da uku.